Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi: Wa Ɗaliba Za Ta Kai Wa Kuka?

Mai girma Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad,

Ranki ya daɗe, ni tsohuwar malamar sakandare ce, ƙuruciyata duk a makarantun gwamnati ta ƙare, da alli a hannu. Ke na zaɓa in rubuto wa, domin kin tsaya gaban aji a Jami'ar Bayero kafin ki hau wannan kujera a 2024, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wata rana bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, wata yarinya 'yar aji 2 a ƙaramar sakandare ta tsaya a bakin ƙofar ajina tana murɗa gefen hijabinta. Idonta na ƙasa ta ce, "Malama, don Allah a daina aikena kai littattafai." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Sai da na yi kwana 3 ina lallashinta sannan na gane cewa wani malami ita kaɗai yake zaɓa kullum ta kai masa littattafan aiki ofis, daidai lokacin da kowa ya watse. Na je wurin shugaban makaranta. Ya saurare ni, ya nisa, ya ce, "Malama, a rufa asiri, bawan Allahn nan mai iyali ne." Da zangon karatu ya ƙare aka yi wa malamin canjin wurin aiki, aka kai shi wata makarantar, ita ma cike da 'yan mata. Ita kuwa yarinyar, da maganar ta kai gida, mahaifinta ya ce karatun ya isa haka. Babu ko layi ɗaya da aka rubuta a kan lamarin. Ni ma ban rubuta ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranki ya daɗe, dokoki muna da su. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don shi namiji ne ko mace. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, ga kuma manufar tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu da ma'aikatarku ta fitar a 2021. Amma a shiga kowane aji a tambayi ɗalibai: idan malami ya taɓa ki, ko ya ce ba za ki ci jarrabawa ba sai kin same shi, wa za ki gaya wa? Za a ji shiru. Mai ƙarfin hali ce za ta ce shugaban makaranta, wanda tare suke shan shayi da wanda ake ƙara, kuma shi ne zai fi kowa tsoron sunan makarantarsa ya ɓaci. Na ga makarantar da aka rataye akwatin ƙorafi a jikin ƙofar ofishinsa, mukullin kuma yana aljihunsa. Wace yarinya ce za ta jefa takarda a nan idon kowa na kanta?

Abin da ya fallasu a jami'o'i ya nuna mana inda gizo ke saƙar. Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo, wanda kotu ta ɗaure shekara 2 a 2018, asirinsa ya tonu ne saboda wata ɗaliba ta naɗi muryarsa a waya. Binciken BBC na 2019 a jami'o'in Legas da Gana da ɓoyayyiyar kyamara aka yi shi. 'Yar shekara 13 a makarantar kwana ba ta da waya, an ma hana ta riƙewa. Hujjarta bakinta ne kawai, kuma tun tana ƙarama an koya mata cewa ba a musu da malami.

Bambancin ma da ake nunawa a fili babu inda ake kai ƙararsa, domin an saba da shi har an daina ganinsa. A makarantun da ke haɗe, mata ne masu sharar ofishin malamai da ɗebo ruwa yayin da maza ke aji. Sau nawa na ji malami yana ce wa yarinya mai ƙoƙari ta haƙura da ajin kimiyya, ai aure za a yi mata? Wanda ya saba aiken yarinya a lokacin darasi ba tare da an tanka masa ba, shi ne gobe zai aike ta bayan an tashi.

A Amurka, babi na 9 na dokar ilimi ta 1972 ya kai ga wajabta wa duk hukumar makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta naɗa jami'in karɓar irin wannan ƙara, ta kuma bayyana wa kowa yadda ake shigar da ita. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Na san makarantun sakandare mafi yawa na hannun jihohi ne, amma Majalisar Ilimi ta Ƙasa tana tara kwamishinonin ilimi duka a zaure ɗaya, kuma kwalejojin tarayya suna hannunku kai tsaye, a can za a fara.

Roƙona shi ne a buɗe wa ɗaliba ƙofar da ba ta bi ta ofishin shugaban makaranta ba. Kowace makaranta a samu malama mace da aka horar, a faɗi sunanta a wurin taron safe da Hausa, a rubuta shi a bango tare da lambar wayar ofishin ilimi na shiyya. Inda babu malamai mata, kuma ƙauyuka da yawa babu, a ɗauko uwa daga kwamitin kula da makaranta na al'umma. Shirin ilimin 'yan mata na AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, ya fara da jihohi 7 ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, kuma yana da tsarin karɓar ƙorafi. A mayar da tsarin na dindindin, kada ya mutu ranar da kuɗin ya ƙare.

Duk ƙarar da aka kawo a rubuta ta, a ba iyaye shaidar karɓa, a sa wa'adin bincike, a ɗauke wanda ake zargi daga aji har a gama, a kuma saurare shi da adalci. Idan fyaɗe ne, sulhu ba hurumin makaranta ba ne. Aikinta ta kai yarinyar asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi, ga cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna, sannan a sanar da 'yan sanda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne canjin wurin aikin nan. Ranki ya daɗe, a haramta shi a matsayin hukunci. Wanda laifi ya tabbata a kansa, a miƙa sunansa ga hukumar rajistar malamai ta TRCN ta soke rajistarsa, shugaban makarantar da ya binne maganar kuma a tuhume shi tare da shi. Malamin da na ba ki labarinsa, na ci gaba da ganinsa a tarukan malamai shekaru bayan haka, ana gaishe shi da girmamawa. Yarinyar kuwa ban sake sa ta a ido ba.

Allah ya yi miki jagora, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu.

Taki,
Wata tsohuwar malamar sakandare.