Jinjina ga Jikokin da Suka Fito da Kakanni Tattaki

Sai mun jinjina wa matasan Jos da suka karɓi wayoyin kakanninsu suka saka musu manhajar ƙirga taku, irin su Samsung Health da Google Fit. A da, in dattijo ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo. Yanzu jika ne ke leƙa waya bayan sallar Asuba yana cewa, "Baba, da saura, mu ɗan zaga ta Bauchi Road." A garin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, raba tsoho da bargo a sanyin Disamba ba ƙaramin aiki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma waɗannan yara sun sa abin ya shiga hirar gida. Allah ya yi musu albarka.

Amma fa manhajar ba ta san gidajenmu ba. Hajiya ta wuni tana shara da wanki, wayarta na ɗaki kan gado, da yamma a nuna mata ko taku ɗari ba ta yi ba. Wajen abinci kuwa, giram ake tambayarta, ita da ludayi da malmala take awo. Ga acca, ga gwate, ga kabeji da karas jibge a kasuwar Farin Gada, abincin da masu ƙiba a wasu ƙasashe za su saya da tsada, amma shawarar da ke fitowa da Turanci take, kan cimar da ba a dafawa a Gangare ko Unguwar Rogo. Balle tsofaffin da ƙaramar waya mai maɓalli kawai suke riƙewa.

Senegal ta gwada wata hanya tun 2014: shirin mRamadan, gajerun saƙonni ga masu ciwon suga kan abin da za su ci da azumi. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jos da masana abinci na asibitin koyarwa da ke Lamingo, ku zauna tare ku yi mana namu. A yi shi da murya, da Hausa da Berom da Ngas, ya gaya wa Hajiya malmala nawa ta isa da dare, da cokalin suga nawa za ta rage a kunu.