Ɓuntun Shinkafa Ba Shara Ba Ne

Duk ɗan Arewa da fatauci ya kai shi Abakaliki ya ga tsibin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa, tudu bisa tudu, yana cin wuta. Alhali kuwa tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mai injin niƙa a Agege da tela a Sabon Ibadan suna kukan tsadar man janareto. Ga makamashi yana ƙonewa a banza, ga masu sana'a suna neman sa ido rufe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Idan aka zuba ɓuntu, ko totuwar masara, ko guntayen itace cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, aka kunna wuta, aka kuma tsaga wa wutar iska kaɗan, kayan ba su ƙonewa ƙurmus. Sai su fitar da gas mai kama wuta, wanda za a dafa abinci da shi, ko a tace shi a tuƙa janareto. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya, Turawa sun tuƙa motoci dubu ɗaruruwa da gas ɗin itace. A jihar Bihar ta Indiya, kamfanin Husk Power Systems ya soma haska ƙauyuka da ɓuntu tun 2007. Kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne.

Amma fa kada 'yan kwangila su ruɗi jama'a da daɗin baki. Gas ɗin yana tafe da kwalta, wadda kan toshe inji in ba a wanke matata kullum. Yana kuma ɗauke da guba marar wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Injin dizal ma sai an ci gaba da ba shi ɗan mai. Tukunyar da ba ta da ƙwararren mai kula, ko ta miliyan nawa ce, ba ta daɗewa.

Saboda haka, kafin shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tara kuɗin inji, ya kamata su fara tura samari koyon aikin, su kuma ƙulla yarjejeniya da masu casa kan farashin ɓuntu. Ranar da aka gane yana ba da wuta, masu shi ba za su sake bayar da shi arha ba.