Kwana Goma Cikin Tekun Arewacin Norwe

A wannan fitowa za mu ɗan bar zancen kasuwa da na unguwa, mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi a kan ruwa, domin mun dawo da abin da muke ganin ya shafi kowa a cikinmu.

Wani abokinmu ne tun na makaranta, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Norwe, ya gayyace mu. Mu huɗu muka tafi, da shi na biyar, sai matuƙin jirgin, wani dattijo ɗan ƙasar mai ƙarancin magana. Jirgin ƙarami ne, na shaƙatawa, tsawonsa bai wuce mita 12 ba. Yana da inji, amma yawanci iska ce ke tura shi idan an ɗaga manyan ƙyallayensa. Ciki akwai wurin kwana da ɗan madafi, komai a matse. Daga garin Bodo za mu tashi, mu ƙetare wani faffaɗan ruwa mai suna Vestfjord, wajen kilomita 90, mu isa tsibiran Lofoten.

Watan Yuni ne, lokacin zafinsu, amma zafin nasu ya fi hunturunmu sanyi. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne rana. A wannan yanki, daga farkon Yuni har cikin Yuli, rana ba ta faɗuwa sam. Sha biyun dare kana iya karanta jarida a waje. Don haka muka bi lokutan Makka wajen salla, kamar yadda Musulmin garin Tromso, can gaba a arewa, suke yi.

To, ranar da za mu tashi sai dattijon nan ya saurari hasashen yanayi a rediyo, ya ce ba inda za mu je. Iska mai ƙarfi na tafe daga kudu maso yamma, kuma Vestfjord a buɗe yake ta wannan ɓangare, ba abin da ke tare igiyar ruwa. Muka duba sama, ga rana tarwai. Washegari ma ya ce a'a. Nan fa rai ya fara ɓaci. Mun kashe kuɗin jirgin sama da na biza, kwana goma kacal gare mu, ga biyu sun tafi a banza muna ɗaure a tasha. Babbanmu, wanda ya saba a shagonsa idan ya faɗa an gama, ya ce shi ba a taɓa karɓar kuɗinsa a zaunar da shi ba. Har ya nemi mai masaukinmu ya samo wani matuƙin. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abota ta shekara talatin ta kusa tsinkewa a cikin ɗakin da bai fi rumfar mai shayi ba.

Dattijon bai yi gardama da kowa ba. Ya ce mu shiga mota mu raka shi wani wuri kusa da gari. Wurin shi ne Saltstraumen, wani matsattsen mashigi mai tsawon kilomita 3, faɗinsa kuwa mita 150 kawai. Duk bayan sa'a shida, idan teku ta ciko ko ta janye, ruwa mai yawan gaske ke kutsawa ta wannan ƙofa, gudunsa kan kusanci kilomita 40 a sa'a. Muka tsaya a kan gada muna kallon ruwa yana murɗawa yana buɗe ramuka masu faɗin da zai haɗiye kwalekwale. Bayan ɗan lokaci ya lafa, ya kwanta kamar tafki, sai ga ƙananan jirage suna wucewa. Dattijon ya ce, ruwan nan ɗaya ne, mai jirgi ne kawai zai san lokacinsa. Ya ƙara da cewa ruwan yankin ko a tsakiyar zafi da ƙyar yake wuce digiri 12, wanda ya faɗa ciki hannuwansa kan sandare cikin mintoci kaɗan, ko da gwanin iyo ne. Gani ya kori ji. A hanyar komawa ba wanda ya sake ta da zancen.

A rana ta uku muka tashi. Iskar ta faɗi, amma sauran igiyar da ta bari ya ishe mu. Sa'a goma muka yi, uku daga cikinmu na fama da jiri da amai, kowa sanye da rigar hana nutsewa, an kuma ɗaure shi da igiya a jikin jirgi. Babban namu yana riƙe da bokiti ya ce, in wannan ne ruwan da ya kwanta, to Allah ya saka wa tsohon nan da alheri.

Da yamma duwatsun Lofoten suka bayyana, baƙaƙe, tsaye cak daga cikin teku, da sauran ƙanƙara a kawunansu. Muka sauka a ƙauyen Reine, daga nan muka bi gaɓa zuwa Henningsvaer da Svolvaer, muka leƙa Trollfjord, wanda bakinsa bai fi mita 100 ba, dutse dama da hagu. A ƙauyukan muka ga manyan ragayoyin katako inda ake shanya kifin da suke kamawa daga Janairu zuwa Afrilu. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi ce kawai ke busar da shi. Mai kyaun yakan tafi Italiya, kawunan kuwa Nijeriya ake kai su. Shi ne busasshen kifin nan da Ibo ke kira okporoko. Mun sha ganinsa a kasuwa, ashe daga nan yake fitowa.

Tun da muka dawo, mashigin Yeji a kan tafkin Volta ke faɗo mana a rai. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, kuma mun sha jin kwalekwale ya kife da fatake da kayansu. Sau nawa mu da kanmu muka matsa wa mai jirgi ya ƙara buhu biyar, ko ya tashi ga hadari ya haɗo, don kada kasuwa ta wuce mu? Sau nawa muka ƙi sa rigar hana nutsewa ko da an miƙo mana? Idan mai jirgi ya ce a jira, a jira. Kasuwar da ta wuce wata na zuwa mako mai zuwa.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.