Hayaƙin Salansa: Doka Tana Takarda, Huhu Yana Kasuwa

Maudu'inmu na wannan mako shi ne hayaƙin da muke shaƙa kullum daga ƙananan injina, har muka saba da shi kamar ƙurar hunturu.

Ƙananan injinan fetur iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareton nan da masu cajin waya da masu aski ke kunnawa a kasuwar Jega, da zarto mai inji, da tsofaffin babura irin su Suzuki A100. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune a mazauninsa daban, kamar Bajaj Boxer na 'yan kabu-kabu da yawancin injinan ban ruwa da manoman albasa ke amfani da su a Aliero.

Bambancin yana cikin ƙira. Mai bugu biyu ba shi da bawul da zai raba shigar mai da fitar hayaƙi. Ƙofofin biyu sukan kasance a buɗe lokaci guda, sai wani ɓangare na fetur ɗin, wanda kan kai kashi ɗaya cikin huɗu, ya bi salansa ya fice bai ƙone ba. Baƙin man kuma yana ƙonewa tare da shi, shi ne shuɗin hayaƙin da ke sa ido ruwa. Wato mai injin yana sayen fetur da tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, sannan ya zubar da wani kaso a hancin maƙwabcinsa.

Amma kada a ɗauka mai bugu huɗu waliyyi ne. Shi ma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kashe iyali guda cikin barci idan aka kwana da janareto a zaure ko kusa da taga. Hayaƙin da ido ke gani yana cin huhu a hankali, wanda ba a gani kuwa yana iya gamawa da mutum kafin asuba.

To ina doka? An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal. A 2015 hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da ƙananan janaretocin nan da yawa don kasuwanci. Yau ka leƙa shagunan kayan wuta ka gani ko sun ɓace. Ba su ɓace ba, domin an hana kaya ne ba a ba mai buƙata madadi ba. Wanda ba shi da wutar lantarki ba zai rufe shagonsa don wata takarda da aka sa wa hannu a Abuja ba.

Inda doka ta yi aiki, da madadi ta zo. A gandun dajin Yellowstone na Amurka, baburan da ke gudu kan dusar ƙanƙara masu bugu biyu sun taɓa turnuƙe ƙofar shiga har aka raba wa ma'aikata abin rufe hanci. Ba a tsaya a nan ba, aka shar'anta cewa sai injin da ya cika ma'aunin tsaftar hayaƙi zai shiga, kamfanoni kuma suka ƙera shi. Birnin Dhaka na Bangaladash ya kori kekuna masu ƙafa uku masu bugu biyu a farkon 2003, aka maye gurbinsu da masu amfani da iskar gas.

Mu ma mun ga haka a gida. Ba ɗan sanda ne ya rage tsofaffin babura masu hayaƙi a hanyar Maiyama ba. Mai bugu huɗu ne ya zo da ƙarancin shan mai, ɗan kabu-kabu ya yi lissafin aljihunsa ya sauya. Don haka ra'ayina shi ne: a tsananta doka a tashar jiragen ruwa da kan iyaka, a sassauta wa talaka hanyar mallakar sola da ingantaccen inji ta bashi mai sauƙin biya. Farautar mai cajin waya ba za ta tsaftace iska ba.

Namu aikin kuwa a fili yake. Yawancin gargaɗin da ke jikin waɗannan injina da Turanci aka rubuta shi. Wa zai faɗa wa mutanenmu da Hausa cewa janareto ba ya kwana cikin gida? Ku je wurin bakanike ku tambayi sunayen sassan inji, ku zauna da mai ban ruwa a fadama, sannan ku rubuta. Labari ɗaya da aka gina kan sani yana iya hana a ɗauki gawa daga wani gida.

Allah Ya kare mu, Ya sa albarka a alƙalumanmu.