Mai Son Koyon Aikin Allura Ya Fara Da Hula

Wani saurayi daga cikin 'ya'yan maƙwabta, wanda ya gama makaranta bai sami abin yi ba, ya zo mini kwanan baya neman shawara, ya ce yana nufin ya koyi ɗinkin hannu, har ya riga ya sayi shadda yadi goma da zaren alharini, muradinsa kuwa ya fara da aska takwas, tun da ya ji an ce ita ce mai kuɗi. Na yaba himmarsa, domin kasabi na halal ba abin rainawa ba ne, balle sana'ar da malamai ke ruwaito cewa Annabi Idrisa, Alaihis Salamu, shi ne farkon wanda ya riƙe allurarta; amma na ce masa ya naɗe shaddar nan ya jefa ƙasan akwati, ya je ya nemo farar hula wadda mai zane ya riga ya zana, da zare mai araha, da allura biyu ko uku.

Hujjata a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe allo. Ba a ba yaro farfaru sai ya iya babbaƙu, kamar yadda a zauren ilmi ba a buɗe wa mubtadi'i Muhtasar alhali bai sauke Ahalari da Ishmawi ba, kuma ba rowa ce ta sa malamai yin haka ba, sanin ƙa'idar tadriji ne. To babbar riga ita ce Muhtasar ɗin aikin allura, domin a cikinta aka tara cin wuya, da linzami, da asake, da tambarin gaba da na baya, kowanne da irin sukar da yake bukata, ga shi aiki ne na watanni, wanda in hannu ya karkace a cikinsa, dukiya ce sukutum ta salwanta. Ko a birnin Zazzau, inda wannan sana'a ta yi gida tun zamanin da sarakunan daular Usmaniyya ke tufatar da malamai da hakimai da riguna na girmamawa, galibi riga guda takan bi ta hannuwa da dama: wani ya haɗa, wani ya zana da alƙalami da tawada, wani ya yi aikin, kana a kai wa mabuga.

Hula kuwa ƙarama ce, tana shiga aljihu, ana ɗinka ta a gindin bishiya ko a tsakar gida tsakanin Azahar da La'asar, shi ya sa almajirai da matan aure suka daɗe suna rufa wa kansu asiri da ita. Babbar fa'idarta ga mai koyo ita ce zanenta maimaici ne, gida ɗaya ne yake ta kewayawa har ya dawo inda ya taso, saboda haka kafin mutum ya kai ƙarshe hannunsa ya yi tilawar suka guda sau ɗaruruwa, kuma da idonsa zai ga bambancin gidan farko, mai kama da tafiyar kaguwa, da gidan ƙarshe.

Ni kaina a zauren wani dattijo na koya ina yaro, Allah Ya jiƙansa, kuma ban manta ranar da na kai masa hulata ta fari ina taƙama ba. Ko kallon fuskarta bai yi ba, sai ya juya ta ciki waje, ya bi ƙulle-ƙullen da na yi da ɗan yatsa, ya nuna mini inda na ja zare da ƙarfi har yadin ya tattare, da ɗigon jini inda allura ta soke ni, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka tsinko zaren da ya wuce kamu guda? Je ka warware." Kwana uku ina warwarewa ina ƙunƙuni a zuci. Wannan juya hula, da wannan umurni na warwara, su ne abin da hotunan koyarwa na wayar hannu ba za su taɓa yi wa ɗalibi ba, duk da ban musanta amfaninsu wajen ganin sababbin zane ba. Don haka nake ganin wajibi ne mai koyo ya nemi gwani mai rai, ya durƙusa gabansa da ladabi.

Na san masu cewa injin ya gama da wannan sana'a, tun da abin da hannu ke yi a wata yana yinsa a yini. Sai dai su tambayi dillalan hula a Kano nawa ake taya zanna bukar ta hannu, nawa kuma ake taya ta inji.

Bayan mako biyar saurayin nan ya dawo da hularsa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, ga ta." Na juya ta ciki waje, na ce masa rabin farko sai an warware, rabi na biyu kuwa ya bar shi yadda yake.