ƊAN DAMBEN DA YA SHA KAYE SAU 256

Ran Jumma'a, 31 ga watan Oktoba, 2008, a wani zauren wasanni da ke unguwar Aston cikin birnin Birmingham na ƙasar Ingila, wani ɗan damben Turawa mai suna Peter Buckley ya shiga fage karo na 300, wanda kuma shi ne karonsa na ƙarshe. Turmi huɗu suka yi da wani saurayi, Matin Mohammed, alƙalin wasa ya ɗaga hannun Buckley, zaure ya ɗauka da sowa. Ba wani kambi aka ci a daren ba. Abin da ya sa mutanen garinsu murna shi ne rabon da a ɗaga hannun mutumin nan shekara biyar ke nan.

Ga lissafin aikinsa yadda yake a rubuce, daga watan Oktoba na 1989 da ya fara dambe don neman abinci har zuwa wannan dare: ya ci 32, an cinye shi 256, an tashi canjaras 12. Da ganin haka sai waɗansu jaridu suka shiga yi masa ba'a, har da masu ce masa ɗan damben da ya fi kowa lalacewa a duniya. To, jama'a, wannan magana ta wanda bai san dawan garin ba ce, kuma ya kamata 'yan Arewa mazauna Kurmi, waɗanda suka san dambe tun daga gida, su fi kowa gane haka.

Mai karatu da ya saba da fagen gargajiya zai ce, ina aka taɓa jin ɗan damben da aka kashe sau ɗari biyu da hamsin, har yana da fuskar sake ɗaura zare? Wane makaɗi zai wasa shi? Gaskiya ne, Ɗan Anace bai ɓata muryarsa a kan Shago don yana faɗuwa ba. Amma damben Turawa da bambanci. A can, in an gama turamen da aka yanka babu wanda ya kwanta, sai a duba maki, wanda ya fi yawan naushi mai kyau a ba shi. Cikin kayen nan 256 na Buckley, sau 10 kaɗai aka tsai da wasa kafin lokaci. Sauran duka ya kai ƙarshe a kan ƙafafunsa. Da a gidan damben gargajiya ne, da yawa daga cikinsu sai a ce turmi ya cika babu kisa, a raba su, kowa ya koma wajen mutanensa.

Sai mutum ya san yadda ake cinikin dambe a ƙananan zaurukan Ingila kafin ya fahimci sana'ar mutumin nan. Mai shirya wasa yana da yaronsa, saurayi mai tasowa, wanda ake fata wata rana ya ci kambi. Yaron nan shi ke yawo yana sayar wa 'yan'uwa da abokai tikiti, da kuɗin tikitin kuwa ake biyan hayar zaure, a biya likita, a biya shi, a kuma biya abokin karawarsa. Yaro yana bukatar wanda zai koya a jikinsa, watau wanda ba zai faɗi da naushin farko ba, ba kuma zai yi masa illa ba. Nan ne irin su Buckley suke shigowa. Ba ruwansu da sayar da tikiti. A buga musu waya, su ɗauki jaka, su je garin wani, su yi turmi huɗu ko shida, su karɓi kuɗinsu su koma gida. Alƙali kuwa, in wasa ya yi kusa da kusa, galibi ɗan gida yake ba, don shi ya cika zaure. In baƙo ya cika cin yaran mutane, sai masu shirya wasa su daina nemansa, domin ba wanda zai biya kuɗi a zo a ɓata masa haja. Daɗin daɗawa, dokar hukumar damben Birtaniya ce duk wanda aka tsai da wasansa don ya bugu, sai ya huta aƙalla kwana 28 kafin ya sake shiga fage. Ga mai cin abinci da dambe, kwana 28 ba aiki asara ce babba. Saboda haka gwanintar da ake bukata a wannan sana'a ita ce ta kare kai: kada a fasa maka gira, kada a kwantar da kai, ka fita lafiya domin wayar mako mai zuwa.

A wannan fanni Buckley ya zama malami, har laƙabinsa ma Farfesa. Wasa 300 cikin shekara 19, watau kusan 16 ke nan kowace shekara, ko a ce kusan kowane mako uku yana fage. A gwada da Muhammad Ali, wanda duk rayuwarsa ta damben kuɗi wasa 61 ya yi. Naseem Hamed kuwa 37.

Da yake an ambaci Hamed, Balaraben Yaman ɗin nan haifaffen Sheffield wanda ya yi tashe a shekarun 1990, sai a tuna cewa mutum biyar na farko da ya kara da su babu wanda ya kai ƙarshen wasa. Na shida shi ne Buckley, a Liverpool, cikin Nuwamba 1992, kuma sai da suka cika turmi shida cif. Sai a karo na biyu, a Cardiff cikin Janairu 1994, aka tsai da wasan a turmi na huɗu. Shekarar da ta biyo Hamed ya zama zakaran duniya. Haka nan Acelino Freitas, mutumin Barazil mai hannu kamar guduma, ya gwabza da shi a 1998 kafin ya ci kambin duniya. Kell Brook, wanda ya zama zakaran duniya a 2014, da Buckley ya buɗe littafinsa a 2004, su ma turmi shida suka yi. Akwai Duke McKenzie, akwai Scott Harrison, akwai Gavin Rees, duk sun riƙe kambin duniya, duk kuma sun haɗa jiki da shi. Wanda bai iya dambe ba, ko turmi ɗaya ba zai yi a gaban irin waɗannan ba sai an kwashe shi a makara.

Ba kuwa da faɗuwa ya fara ba. A 1991 ya ci kambin yankinsu na tsakiyar Ingila, daga baya ya sake cin wani a wani ajin nauyi. Da ya ga inda ƙarfinsa ya tsaya, ya ga cewa ba shi da masu sayen tikiti ba shi da ubangida mai kuɗi, sai ya zaɓi hanyar da za ta ciyar da gidansa. Manajansa, Nobby Nobbs, mutum ne mai barkwanci, da bakinsa yake kiran rukunin yaransa kamfanin masu shan kaye.

Halinsa shi ne abin da ya fi jawo masa girma wurin abokan sana'a. Shi da kansa ya faɗa cewa yana yaro ɗan tasha ne, 'yan sanda sun san shi, dambe ne ya ba shi abin yi. Bai taɓa ce wa kowa shi zakara ba ne. Kullum jikinsa a shirye yake, domin wani lokaci sai saura sa'o'i kaɗan a fara wasa, abokin karawar wani ya noƙe, a neme shi, ya je. Ba a san shi da cika baki ba, ba a san shi da gudun ƙato ba, ba a san shi da saɓa alkawari ba. Mai gadi a Apapa, da ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai tura ruwa a Agege, duk sun san darajar mutumin da in an kira shi yana zuwa, ya yi aikin da aka yi jinga, ya karɓi haƙƙinsa ba tare da jiran a yi masa kirari ba.

Amma fa kada son mutumin ya rufe ido. Akwai abin ƙi cikin tsarin. Ɗan kallon da ya biya kuɗinsa yana zaton mutum biyu ne suka zo neman nasara, alhali ɗaya ya zo ne ya tsira da lafiyarsa, ai an ɗan rage masa mudu. Ba wanda ya ce Buckley yana sayar da wasa, faɗuwar ganganci laifi ne da hukuma ke hukunci a kai. Sai dai tsakanin sayar da wasa da rashin matsawa a ci akwai rata, kuma a cikin wannan rata sana'ar take zaune. Laifin nan na masu shirya wasa ne da ke son littafin yaronsu ya fita fes ba ɗigon kaye, don su kai shi talabijin. Su ke da riba mai tsoka. 

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kai ba dutse ba ne. Duk iya kare kai na mutum, naushin da ya taru cikin turame sama da dubu yana da inda yake zuwa, likitoci kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa yawan bugun kai na kawo rawar jiki da mantuwa da nauyin baki a tsufa. In Buckley ya fita da ƙafafunsa, to ban da iyawarsa da kiyayewar Allah, akwai hukumar da ke tsaye a kansa. Kowace shekara sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗan dambe kafin a sabunta masa lasin. Ba a fara wasa sai da likitoci a bakin fage da motar asibiti a ƙofa. Turawan ma ba haka kawai suka yi hankali ba, sai da ta ƙona su. A watan Satumba 1991 Michael Watson ya faɗi bayan wasansa da Chris Eubank a Landan, ba a samu kayan ceto a wurin ba, aka yi jinkirin kai shi inda za a yi masa aiki, ya yi kwana 40 bai san inda kansa yake ba, ya tashi da nakasa. Ya kai hukumar ƙara, a 1999 kotu ta ce lalle ta yi sakaci.

Nijeriya ta san ɗaya fuskar wannan sana'a ta zuwa garin wani a kara da ɗan gida. A watan Yuni 1982 wani ɗan damben Nijeriya da ake kira Young Ali ya je Landan ya kara da Barry McGuigan, wanda a lokacin yake tasowa. Ya faɗi a turmi na shida, bai sake farfaɗowa ba, bayan watanni ya rasu. Da McGuigan ya ci kambin duniya a 1985, ya ce ya sadaukar da shi ga marigayin, amma wannan bai mai da wa iyalinsa shi ba. Sa'an nan ran 29 ga Maris, 2025, Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Nijeriya da Afirka ta Yamma, mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a fagen Bukom da ke Ankara ta ƙasar Gana, aka garzaya da shi asibitin Korle Bu, rai ya yi halinsa. An ruwaito daga hukumar damben Nijeriya cewa wasan da ta ba shi izni ya rushe, ya karɓi wani washegari saboda bashin da ke kansa. Bashi da talauci su ne masu buga wa ɗan dambe waya a ƙasashen nan, kuma ba sa tambayar yaushe likita ya duba shi.

Yanzu sai a waiwayo gida. Duk inda Hausawa suka yi zango a Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, da wuya a rasa fagen dambe. Yara ne 'yan cirani, da rana dako ko acaba, da yamma su ɗaura zare don abin da 'yan kallo za su liƙa musu. Su ne Buckley na wannan wuri, domin a kowane Shago guda akwai mutum ɗari da aka hau kansu ya yi suna, waɗanda ba mai tuna sunansu. Mai zuwa kallo ya tambayi kansa, sau nawa ya ga ma'aikacin lafiya a bakin fage? Sau nawa ya ga an kashe yaro, ya suma, an yayyafa masa ruwa, an ba shi abin sha, kwana biyu kuma ga shi ya dawo ana kaɗa masa kalangu? Jama'a na ce masa namiji. Likita da zai gan shi cewa zai yi ƙwaƙwalwarsa ba ta gama warkewa ba, bugu na biyu a kan na farko kuwa shi ne mai kisa na gaskiya.

Ba sai an jira gwamnati ba. Sarkin Hausawa na kowace unguwa yana da bakin da zai kira mai gidan dambe da shugabannin ɓangarori, na Arewa da na Kudu da Jamus da Guramada, a zauna a yanke magana biyu. Ta farko, duk wanda ya suma a fage a rubuta sunansa, kada ya sake ɗaura zare sai bayan mako huɗu, kuma a aika wa sauran gidajen dambe na garin don kada ya zagaya can. Ta biyu, daga kuɗin ƙofa a ware abin da za a biya ma'aikacin lafiya ɗaya ya zauna har a tashi, a kuma ajiye mota da direban da ya san hanyar asibiti mafi kusa. In an ce yaron da aka dakatar me zai ci cikin mako huɗun, to a cire masa wani abu daga kuɗin ƙofar nan, tun da jininsa ne ya tara 'yan kallon.