Ibadar Neman Gurbi: Iyaye da Makarantun Coci a Ƙasar Ingila

A ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales cikin shekarar 2021, waɗanda suka kira kansu Kirista ba su kai rabin mutanen ƙasar ba, kashi 46 ne cikin 100, kuma ba a taɓa samun haka ba kafin wannan karon. Masu zuwa coci kowace Lahadi kuwa ba su ko kama ƙafar wannan adadi ba. Amma duk da haka, akwai majami'u a wasu unguwannin London da sauran manyan garuruwa inda akan ga ma'aurata da 'ya'yansu 'yan shekara biyu ko uku suna cika kujeru, ba fashi. Da an fitar da sunayen yaran da aka ɗauka makaranta, sai a nemi wasunsu a rasa. Turawa har sun yi wa abin karin magana, mai nufin cewa ka durƙusa ka huta da biyan kuɗin makaranta.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun a 1811 Cocin Ingila ta kafa ƙungiya musamman don gina wa 'ya'yan talakawa makarantu, wato tun gwamnati ba ta sa hannu a harkar ilmi sosai ba. Da aka zo yin dokar ilmi ta 1944, gwamnati ta tarar ba ta iya yin watsi da waɗannan makarantu, coci kuma ba ta da ƙarfin riƙe su ita kaɗai. Sai aka yi sulhu: baitulmali ya ɗauki albashin malamai da sauran ɗawainiyar yau da kullum, coci ta biya rabin kuɗin gine-gine a makarantun da take son ci gaba da juyawa, a bar mata ikon zaɓen ɗalibai. Wannan rabi aka yi ta zaftarewa har ya dawo kashi 10 cikin 100 a 2002. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila na addini ne, mafi yawansu na Cocin Ingila da na Katolika, sai kaɗan na Yahudawa da wasunsu. Na Musulmi sai a 1998 aka fara ba su kuɗin gwamnati.

Doka ta yarda cewa idan masu nema sun fi guraben da ke akwai yawa, irin wannan makaranta tana iya fifita 'ya'yan mabiya addininta. To, a nan gizo ke saƙar. Da me za a auna imani? Ba wanda ke iya leƙa zuciyar wani, saboda haka sai aka koma ga abin da ke ƙidayuwa: takardar baftisma, wani wuri ma har da watannin da yaro ke da su sa'ad da aka yi masa, da yawan Lahadin da aka ga iyaye a coci cikin shekara ɗaya ko biyu, da fom wanda limamin coci zai sa wa hannu. Wasu majami'u rajista suke ajiyewa a bakin ƙofa kamar ta ma'aikata. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke a 2009 kan makarantar Yahudawa ta JFS ya ƙara ɗaure wannan hanya, domin kotun ta ce zaɓen yaro ta asalin mahaifiyarsa wariyar jinsi ce. Daga nan makarantun Yahudawa su ma suka koma ƙirga zuwa wurin ibada suna ba da maki.

Duk ma'aunin da ya tsaya ga abin da ido ke gani, mai dabara zai iya cika shi. Binciken da ƙungiyar Sutton Trust ta fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 6 cikin 100 na iyayen da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun je coci don kawai ɗansu ya samu makaranta, a cikin manyan ma'aikata kuwa adadin ya kai kashi 10. Waɗannan su ne waɗanda suka yarda suka faɗa.

Galibi idan maganar ta taso, kan iyayen ake saukar da laifi, a kira su munafukai. Lalle ba a wanke su ba. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin renon ɗansa bisa addinin da shi kansa bai yarda da shi ba, ya yi ƙarya, kuma yaron da aka ja hannunsa kowace Lahadi yana gani, zai kuma gane ranar da aka daina zuwa. Hujjarsu dai ita ce harajinsu ne ke riƙe da makarantar, ga ta a ƙofar gidansu, ba su kuwa da kuɗin makarantar kuɗi. Ko David Cameron, a 2008 lokacin yana jagoran 'yan adawa, ya ƙi ya zargi irin waɗannan iyaye. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hukumar da ta ajiye abu mai daraja irin ilmin yaro, ta ce mabuɗinsa shi ne a gan ka a kujerar coci sau kaza, ita ta buɗe kasuwar riya, bai kuwa kamata ta yi mamaki ba don ta ga masu ciniki.

Abin da ya fi riyar muni shi ne wanda ake tauyewa. Kafin mutum ya yi wannan wasa sai ya san dokar tun ɗansa na goye, sai ya iya karanta dogayen sharuɗɗan makaranta, sai kuma safiyar Lahadi ta zama tasa. Matar da ke aikin kwana a asibiti, ko direban bas, ko baƙon da bai daɗe da zuwa ƙasar ba, ko da sun fi kowa tsoron Allah, rajista ba ta san wannan ba. Ashe ma'aunin ba imani yake tacewa ba, sukuni da wayewa yake tacewa. Akwai makarantar Katolika mai suna London Oratory, wadda 'ya'yan Tony Blair suka yi, da ta riƙa ba da fifiko ga iyalan da ke yi wa coci hidima irin su jera furanni, har sai da jami'in da ke sa ido kan ɗaukar ɗalibai ya hana a 2013. Wa ke da lokacin jera furanni?

Sa'an nan ga wani abin dariya mai ban takaici. Sunan da waɗannan makarantu suka yi na cin jarrabawa, wanda shi ke jawo rububin, masana sun bi diddiginsa. Gibbons da Silva na Makarantar Tattalin Arziki ta London, da kuma cibiyar Education Policy Institute a 2016, sun tarar cewa idan aka gwada yara masu gata iri ɗaya da ƙwazo iri ɗaya, bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne. Wato iyaye masu naci ne ke tara 'ya'yansu wuri guda, sakamako ya yi kyau, sai wasu iyaye masu naci su gani su sheƙo coci. Makarantar da aka gina a ƙarni na 19 don ɗan talaka ta wayi gari tana ɗauke da 'yan masu cin abincin rana kyauta ƙasa da na maƙwabciyarta.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka ne ke yin wannan tankaɗe ba. Yawancin ƙananan makarantun Cocin Ingila na ƙauyuka duk yaron da ke kusa suke ɗauka. Haka nan masu kare tsarin suna da magana mai nauyi, musamman Katolika da Yahudawa da Musulmi, waɗanda ke cewa su tsiraru ne, idan aka buɗe ƙofa gaba ɗaya 'ya'yansu za su rasa wurin da aka gina dominsu. Wasu limamai kuma na cewa wanda ya shigo don makaranta, wani lokaci yakan zauna don Allah. Mai yiwuwa ne. Sai dai wa'azin da aka tara wa jama'a da gurbin makarantar gwamnati, da kuɗin kowa aka tara shi, har da na wanda aka rufe wa ɗansa ƙofa.

Ba a rasa mafita ba. A 2010 an sa ƙa'ida cewa sababbin makarantun addini da za a buɗe da kuɗin gwamnati kada su ware fiye da rabin gurabensu bisa addini, amma ƙa'idar ba ta taɓa tsofaffin ba, su ne kuwa masu yawa. Maƙwabciyarsu Ailan, inda wajen kashi 90 cikin 100 na makarantun firamare ke hannun Katolika, inda kuma aka san iyaye na yi wa jarirai baftisma don makaranta kawai, ta yi doka a 2018 wadda ta hana makarantun firamare na Katolika fifita yaro saboda takardar baftisma, ta bar wa makarantun tsirarun addinai 'yar dama don kare 'ya'yansu. Makarantun na nan a hannun cocin, ana kuma koyar da addini a cikinsu kamar da. Majalisar Dokokin Birtaniya tana da ikon yin irin wannan ga Ingila, abin da ya rage shi ne jam'iyyar da za ta yarda ta ɓata wa limamai da iyaye masu ƙuri'a rai a lokaci guda.